Yadda ake ɗaukar fim da kayan zamani ba tare da an yi aikin baban giwa ba

A zamanin da ake ɗaukar fim a kan zaren 35mm, gwangwani ɗaya mai tsawon ƙafa 400 ba ya wuce minti huɗu da rabi, kuma sai an kai shi wanki kafin a ga abin da aka ɗauka. Shi ya sa darakta ba ya cewa a kunna kyamara sai an gama gwaji tsaf. Cikin 'yan shekaru al'amura suka juya: kyamarorin dijital suka shigo, RED One ta fito a 2007, Canon 5D Mark II a 2008, ARRI Alexa a 2010, har ta kai a 2012 kamfanin Kodak mai yin zaren fim ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Yau kati ɗan mitsitsi na ɗauke aikin yini guda. Sai dai wahalar ba tafiya ta yi ba, mazauni ta sauya. Da can fargabar ita ce zare ya ƙare. Yanzu kuwa ita ce fitila ta riƙa ƙifta ido a cikin hoto, ko baki ya saɓa da murya, ko a goge katin da ba a kwafe ba.

Tun kafin a fita lokeshan, a tsayar da inda za a nuna fim ɗin. Silima na karɓar fayil da ake kira DCP, girmansa a ɗigon hoto 2048 da 1080 ko 4096 da 2160, galibi hoto 24 a daƙiƙa. Talabijin a ƙasashen da lantarkinsu ke kan zagaye 50 a daƙiƙa na amfani da hoto 25, Amurka kuma 29.97. Intanet ba ta da zaɓe. Duk adadin da aka zaɓa, a rubuta shi a manna jikin kowace kyamara. In ɗaya ta ɗauki 25 ɗaya ta ɗauki 30, edita ne zai ɗanɗana kuɗarsa, domin manhaja za ta riƙa zubar da wasu hotunan, motsi ya riƙa ɗingishi.

Daga nan sai shota, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske. Ka'idar ita ce a ninka adadin hotuna biyu: 25 na tafiya da 1/50 na daƙiƙa, idan kuma za a rage gudun motsi an ɗauki 50, sai a sa 1/100. Wannan ba don kyan motsi kaɗai ba ne. Fitilar da ke kan lantarki mai zagaye 50 tana haske da dushewa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, kyamara na gani, sai ka ga layuka baƙaƙe suna gangarowa a bango. Mai ɗaukar 24 a irin wannan wuri ya sa 1/50 maimakon 1/48. Inda lantarki ke kan 60, ya sa 1/60. Janareta kuwa ba shi da tabbas, gudunsa na hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, don haka a ɗauki gwajin daƙiƙa goma a duba a babban allo kafin 'yan wasa su shigo.

A rana tsaka 1/50 haske ne mai yawa. Maganinsa gilashin rage haske da ake kira ND: ND8 na rage mataki uku, ND64 shida, kowane mataki na raba haske biyu. Mai ɗauka da waya ya fi kowa buƙatarsa, saboda ƙofar hasken galibin wayoyi ba ta tsukewa, sai ta kai shota 1/2000 da kanta, motsi ya fito a daddatse. Waya na da wata ta'asar kuma: in ta yi zafi ko haske ya yi ƙasa, tana sauya adadin hotuna a ɓoye. A farkon fitowa baki da murya daidai suke, bayan minti goma sun raba gari. A yi amfani da manhajar da ke kulle adadin, kuma kafin a fara tacewa a bi da fayilolin ta manhajar HandBrake a mayar da su adadi tsayayye.

Batun log yana ruɗin masu tasowa. Hoto ne da ke fitowa fari-fari kamar an wanke shi, don a adana bayanan wuri mai haske da mai duhu a gyara launi daga baya. Yana da amfani, amma da sharaɗi. Kyamara mai bit 8 matakai 256 kawai take da su a kowane launi, mai bit 10 kuwa 1024. Ka ɗauki log da bit 8, ranar gyara sama za ta tsage layi-layi, fuskar da ke inuwa ta cika da yashi. In kyamararka bit 8 ce, gara ka ɗauki launin Rec.709, wato launin talabijin na yau da kullum, kai tsaye ka gyara fitilarka. A kulle ma'aunin fari da hannu, 5600K a hasken rana, 3200K a fitila mai ja-ja, kada a bar wa kyamara ta zaɓa, don tana sauya ra'ayi da zarar wani mai farar riga ya gifta.

Yanzu ga inda aka fi yin kuka. Lissafin wurin ajiya ba wuya: kyamarar da ke rubuta megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa ɗaya. Tsarin fayil na ProRes 422 HQ a 4K ya haura gigabait 300 a awa. Ka kiyasta awannin da za a ɗauka, ka ninka, sannan ka sake ninkawa uku, domin kwafi uku za ka ajiye, a na'urori iri biyu, ɗaya kuma ba a ɗaki ɗaya da sauran ba. Katin ma a duba alamarsa: V30 na nufin ba ya gaza megabait 30 a daƙiƙa (megabit takwas ke megabait ɗaya), akwai V60 da V90. Kati mai jinkiri shi ne ke sa kyamara ta tsaya a tsakiyar magana.

Mutum ɗaya ne zai riƙe aikin kwafar kati, kada a ba shi wani. Da an cire kati, a manna masa jan tef, a rubuta lambarsa. A kwafe shi dungurungum da duk jakunkunan da ke ciki, ba a tsinci fayilolin bidiyo kaɗai ba, don wasu kyamarorin na raba bayanan ɗauka ɗaya a wurare dabam-dabam. Jawo fayil a saki a kwamfuta ba ya tabbatar da komai. A yi amfani da manhajar da ke gwada kwafi da asali harafi-harafi, irin wadda ke cikin DaVinci Resolve. Bayan nan a buɗe ɗauka ta farko, ta tsakiya da ta ƙarshe a gani da ido. Sai an yi haka a faifai biyu za a cire jan tef. Goge kati kuma a cikin kyamara ake yi, ba a kwamfuta ba. Kada a sauya sunan fayil ko ɗaya bayan an fara tacewa, in ba haka ba manhaja za ta neme shi ta rasa.

Mai kallo na yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba ya yafe murya mai amo. Makirufo ya kasance sama da kan mai magana da kamar kamu ɗaya zuwa biyu, yana kallon baki. A ɗauka a 48kHz da bit 24, ƙarar ta riƙa taɓa -12dB. Rikoda mai bit 32 ta rage fargabar fashewar murya, amma ba ta kashe ƙarar firji ko fanka; wannan sai an tashi an kashe. A tafa hannu a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka don haɗa sauti da hoto, sannan kafin a bar ɗaki kowa ya yi tsit a ɗauki daƙiƙa talatin na shirun wurin. Da shi edita ke cike giɓin da ke tsakanin jimloli.

A wajen tacewa, ba sai an sayi kwamfuta mai tsada ba. A yi ƙananan kwafi da ake kira firoksi, a yanka fim da su, ranar fitarwa manhaja ta koma kan na asali. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna share hayaniya da rubuta fassarar ƙasan allo cikin mintuna, sai dai in aka matsa musu murya na komawa kamar daga cikin tulu, kuma a harsunan da ba a horar da su sosai ba kuskurensu ya fi daidansu yawa, dole mutum ya bi layi-layi. Kwaikwayon fuska ko muryar ɗan wasa da na'ura kuwa, a rubuta iyakarsa a yarjejeniya tun farko. Yana cikin abubuwan da suka jawo yajin aikin marubuta da 'yan wasan Hollywood a 2023.

Ƙarfin sauti ya danganta da mai karɓa: tashoshin Turai na bin -23 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, YouTube kuma na daidaitawa a wajen -14. A fitar da uwar kwafi mara matsi sosai, daga ita a ciro na intanet. A ajiye magana, kiɗa da sauran sautuka kowanne a fayil nasa, da kwafin hoto wanda babu rubutu a kai, saboda ranar da za a juya fim ɗin zuwa wani harshe. Ajiyar shekaru a kaset ɗin LTO ake yi. Wanda bai da shi ya riƙa kunna faifansa aƙalla sau ɗaya a shekara, yana kwafewa zuwa sabo kafin tsohon ya fara ƙara.