Kurakuran da mazauna ƙauyukan Ingila ke yi wajen kare filin gari daga magina

A ƙauyukan Ingila da yawa akwai filin ciyawa a tsakiyar gari, inda yara ke buga ƙwallo, dattawa ke zagayawa da karnukansu da yamma. Ranar da aka wayi gari aka ga takardar neman izinin gina gidaje a manne jikin turken fitila, sai hankalin kowa ya tashi. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa a wannan lokacin an riga an makara, sai ihu bayan hari.

Jinkiri shi ne uwa uba. Dokar filayen jama'a ta 2006 ta ba mazauna damar yi wa fili rajista a matsayin filin gari, muddin sun tabbatar da cewa mutanen yankin masu yawa sun shafe shekara 20 suna wasa da shaƙatawa a kansa, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, kuma ba da izinin mai shi ba. Rajistar na ba fili kariya mai ƙarfi daga gini. Sai dai wata doka ta 2013 ta taƙaita damar: da zarar an bayyana takardar neman izinin gini, ƙofar rajista ta rufe. Don haka tun ana zaman lafiya ya kamata a tara shaida: tsofaffin hotunan bukukuwa masu kwanan wata, da rubutacciyar shaidar wanda ya yi wasa a wurin yana yaro, yanzu kuma yake kai jikokinsa.

Akwai wani tarko a nan. A 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci kan wani fili a Whitby cewa tunda ƙaramar hukuma ce ta tanade shi don shaƙatawar jama'a, da izini suke shiga, don haka ba ya rajistuwa. Irin wannan fili, a nema masa matsayin koren fili na yanki, wani nau'in kariya daga gini, a cikin tsarin raya unguwa, hanyar da aka buɗe a 2012.

Sai wasiƙar ƙorafi da ake aika wa ƙaramar hukuma kan takardar neman izinin gini. Kwana 21 ake bayarwa galibi, mutane kuma su ɓata su wajen kukan cewa darajar gidansu za ta faɗi, ko ginin zai tare musu kallon fili. Jami'in tsara gari ba ya auna waɗannan. Abin da yake dubawa shi ne ambaliya, haɗarin hanya, magudanar ruwa, tsofaffin bishiyoyi, da saɓa wa tsarin da hukumar ta rubuta da hannunta. Wasiƙa guda da ta ambaci lambar manufar da aka karya, da hoton ruwa kwance a bakin titi, ta fi tarin sa hannu marasa hujja.

Wasu kuma na jiran ɗaukaka ƙara. Magini ne kawai ke da wannan dama idan an hana shi. Maƙwabta kuwa, in an ba da izini, sai dai su nemi babbar kotu ta duba ko an bi ƙa'ida, cikin mako 6 kacal, kuma kuɗin lauya ba kaɗan ba ne.