Mai ciwon suga da ya sauka bana: kada ka jira biron ƙarshe

Kusan duk shekara sai an kawo mana sabon zuwa mai ciwon suga nan ƙasar waje. Zai iso da allurar insulin ta wata ɗaya a jaka, hankalinsa kwance, yana ganin in ta ƙare kemis zai leƙa ya sayo wata. Ni ma da wannan tunanin na zo, kuma abin da ya same ni ba na so in sake gani a jikin kowa.

Maganar hanya da ajiya ba ta da tsawo. Insulin a jakar hannu ake sa ta, domin sanyin ƙasan jirgi na iya daskarar da ita, wadda ta daskare kuwa ko ta narke ta tashi daga aiki. A firji tana son digiri 2 zuwa 8, nesa da bangon baya inda ƙanƙara ke taruwa. Biron insulin na Lantus, wato allurar nan mai siffar biro, da ka fara amfani da shi yana zama a ɗaki kwana 28 in zafi bai kai digiri 30 ba. Rubuta ranar da ka buɗe a jikinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. A yawancin ƙasashen nan ba mai miƙo maka insulin mai dogon aiki sai da rubutun likita. Likita ba zai rubuta ba sai ka yi rajista, rajista kuma sau da yawa tana jiran adireshi ko katin inshora, su ma suna jiran wata takardar. Ni sai da na buɗe kwalbar ƙarshe na fara wannan zirga-zirga. Aka ba ni rana mai nisa. Na zauna na yi lissafi, na ce bari in riƙa yin rabin abin da aka rubuta mini don ta kai ni. Cikin mako guda ƙishirwa ta hana ni sakat, ina tashi fitsari sau biyar kafin gari ya waye, rubutun waya ya fara yi mini hazo. Wani dare amai ya kama ni, maƙwabcina ya ɗauke ni zuwa sashen gaggawa.

Can likita ta tambaye ni wace insulin nake yi. Na ce fara ce kamar madara, safe da yamma. Ta ce sunanta fa, kuma yunit nawa? Na yi shiru. Shekara huɗu ina soka wa kaina allurar da ban riƙe sunanta ba, kwalin ma na yar don rage kaya. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da ta ce da na faɗa wa mai karɓar rajista cewa insulin ce ke ƙare mini, da ba a sa ni a layin kowa da kowa ba. Kunya da kawaici suka hana ni buɗe baki. Don haka kafin ka taso ka karɓi wasiƙar likitanka mai ɗauke da nau'in ciwonka, cikakken sunan allura, yawan yunit, lokacin yi, da sakamakon HbA1c na ƙarshe, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suganka na watannin baya. Ka ɗauki hoton kwalin. Ka riƙo ta wata uku in da hali, kuma a makon farko ka nemi rajista, ko katifa ba ka saya ba tukuna.

Da wuya a ba ka irin wadda ka saba. Ni glargine aka mayar da ni, wadda ake sayarwa da sunan Lantus tun shekarar 2000. Garau take kamar ruwa, sau ɗaya a rana, tana aiki a hankali kusan awa 24 ba tare da ta yi tsalle ba. Degludec, wato Tresiba, tana wuce awa 42. Aikinsu riƙe suga tsakanin abinci da cikin dare, ba su ne ke tare abin da ka ci yanzu ba. Shi ya sa mai nau'i na ɗaya ba ya barin ta ko da bai iya cin komai ba, sai dai likita ya rage masa. In daga NPH, wato farar nan mai kama da madara, ta sau biyu a rana aka dawo da kai glargine, yawanci ana rage kashi 20 cikin 100, sannan a riƙa ƙara yunit 2 bayan kwana uku-uku, ana duba sugan safe. Kada ka ga an rage ka ce likita bai san jikinka ba ka ƙara da kanka. Kada ka haɗa glargine da wata insulin a sirinji ɗaya. Toujeo kuma, wata glargine mai ƙarfi, yunit 300 ce a mililita ɗaya maimakon 100, wanda ya zuƙe ta da sirinji ya yi wa kansa ninki uku.

Ga lambobi ma. Wani yaro da ya zo karatu ya kira ni da asuba murya na rawa: "Kawu, 6.5 na'urar nan ta nuna, na sha ruwan suga kofi biyu." Na ce, "Ɗana, juya ta ka karanta mini ƙananan haruffan." Da ma'aunin mmol/L take auna masa suga, shi kuwa ya saba da ma'aunin mg/dL. Sau 18 ake ninkawa, wato 117 ke nan, lafiya lau yake. Faɗuwar suga tana farawa ƙasa da 3.9, wato 70. A nan ne ake shan giram 15 na suga a sake gwadawa bayan minti 15.

Mutanenmu a nan, Allah ya saka musu. Za su kai ka asibiti tsakar dare, su yi maka tafinta, su zauna da kai har a sallame ka. Amma ranka ya daɗe, duk wanda ya ce ga bironsa ka yi maneji kafin naka ya fito, ka yi masa godiya ka ƙi. Ko an canza tsinken, jini na iya komawa cikin biron, kuma mai saurin aiki da mai dogon aiki duk garau suke, ido ba ya raba su sai an karanta suna. Abin da za ka roƙe shi shi ne ya raka ka wurin rajista gobe da safe, ya tsaya kusa da kai har ka furta cewa insulin ce, kuma saura kwana kaza.