Kurakuran da aka fi yi wajen harhaɗa keken hawan dutse mai firam na ƙarfe

Keken hawan dutse da ƙarfe ya fara. A 1977 wani maƙerin keke, Joe Breeze, ya ƙera firam ɗinsa na farko na hawan dutse a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ya baza irin wannan keke a shaguna. Daga baya alminiyam da kabon suka mamaye kasuwa, amma har gobe akwai kamfanoni irin su Surly a Amurka, Cotic da Stanton a Ingila, da Chromag a Kanada, da ke ƙera firam na ƙarfe mai shokaziba a gaba kaɗai, baya kuwa a sandare. Sau da yawa firam ɗin ake saya tsirara, sannan mutum ya bi sauran kaya ɗaya bayan ɗaya. Daɗin abin ke nan, kuma a nan kuɗi ke salwanta.

Mafi yawan asarar tushenta ɗaya ne: an sayi kaya ba a tambayi firam ba. Mutum ya ga wili mai kyau a kasuwar gwanjo ko a intanet, farashi ya yi masa, ya biya, sai ranar haɗawa wilin ya ƙi shiga. Firam shi ke yin umarni, sauran kaya biyayya suke yi. Kafin ka fitar da ko sisi, nemi takardar awon firam ɗinka daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. In tsoho ne kuma babu takarda, ari ma'aunin nan mai baki biyu na masu aikin injin, ka auna da kanka, ka rubuta.

Wilin da ya ƙi shiga

Faɗin da ke tsakanin ƙafafun firam na baya iri uku ne aka fi gani. Akwai milimita 135 na tsofaffin firam masu siririn aksil da ake ɗaurewa da ɗan hannu, akwai 142 mai aksil mai kaurin milimita 12, sai 148 da ake kira Boost, wanda ya zama ruwan dare a sababbin kekuna. Tazarar 142 da 148 milimita shida ce kacal, ido ba ya kama ta a hoto. Cibiyar wili ta 142 ana iya yi mata ciko ta zauna a firam na 148, muddin an matso da faifan birki an kuma sake daidaita sifoki. Ta 148 kuwa ba ta da hanyar shiga 142. Wani mai gyara zai ce ai ƙarfe ne, a buɗa shi da ƙarfi. Kada ka yarda. A tsohon keke mai birkin roba wannan dabara tana ci, amma a firam mai birkin faifai tana karkatar da mazaunin birki, ka yi ta fama da ƙara da gugar faifai ba ranar dainawa. Shi kansa aksil ɗin tiredinsa ba ɗaya ba ne, akwai 1.0 da 1.5 da 1.75, don haka na firam ɗinka za ka nema.

Girman wili ma kada ka dogara da lissafin inci. Duba lambar da ke jikin taya: 559 ita ce inci 26, 584 ita ce 27.5, 622 ita ce 29. Tayar babban keken nan namu na Raleigh da Phoenix, da ake ce wa inci 28, lambarta 635, wato ta fi ta inci 29 faɗin baki. Duk wanda ya saye ta da zaton za ta hau rim ɗin 29 ya yi asarar kuɗinsa.

Fok ɗin da ya fi ƙarfin firam

A nan na fi so a nutsu, domin kuskuren fok, wato ƙafafun da ke riƙe da wilin gaba, ba aljihu kaɗai yake taɓawa ba, har da lafiyar jiki. Kowane firam an zana shi ne bisa wani tsawon fok. Idan kamfani ya ce nitson milimita 120, wato iya nisan da fok ke nitsewa, yana nufin kusurwar wuya, da tsayin feda daga ƙasa, da kaurin bututun gaba duk an lissafa su a kan haka. Matasa da yawa suna ganin fok mai nitson 150 ko 160 ya fi kwarjini, sai su ɗora. Kowace ƙarin milimita 20 tana kwantar da kusurwar wuya da kamar digiri ɗaya, tana ɗaga tsakiyar keke, tana tura sirdi baya. A gangara za ka ji kamar an ci riba. A hawa gaba zai riƙa ɗagawa yana yawo, a kwana kuma tayar gaba ta rasa nauyin da za ta kama ƙasa. Abin da ya fi muni shi ne dogon fok yana ƙara banƙarar waldar wuya duk lokacin da aka taka birki ko aka dira, kuma wuya ba wurin da ake so ya tsage ba ne. Ƙarin milimita 10 yawanci ba ya ɓata komai. Fiye da abin da kamfani ya yarda da shi kuwa, a bar shi.

Sai wuyan fok. Tsofaffin firam na ƙarfe da yawa bututun wuyansu siriri ne, miƙaƙƙen wuya mai inci 1 da 1/8 kaɗai yake ɗauka. Kyawawan fok na yanzu kuwa kusan duk wuyansu buɗewa yake yi daga 1 da 1/8 a sama zuwa 1.5 a ƙasa. Firam mai bututun milimita 44 yana karɓar duka biyun idan an sa mazaunin boris da ya dace a ƙasa, siririn kuwa ba ya karɓa. Duba wannan tun kafin ka sayi firam ɗin, don fok mai kyau mai miƙaƙƙen wuya yana wuyar samu yanzu.

Idan fok na gwanjo ne, auna tsawon wuyan da ya rage, don mai shi na farko ya yanke shi daidai nasa keken. Idan sabo ne, kada ka yi gaggawar sa zarto. Haɗa komai tukuna, ka bar rarar zobba a sama da ƙasan mariƙin kai, ka hau na ɗan lokaci har ka gane tsayin da bayanka yake so. Abin da aka yanke ba ya komawa.

Ra'ayina a kan fok mai araha, mai sifirin ɗin da ba a iya daidaitawa, shi ne nauyi kawai yake ƙara wa keke. In kuɗi bai kai na fok mai kyau mai aiki da iska a madadin sifirin ba, gara fok na ƙarfe marar shokaziba, mai tsawon da ya dace da firam, da taya mai kauri a gaba. Na iskan ma yana da haƙƙi a kanka: kamfanin RockShox mai ƙera fok na ba da shawarar a buɗe ƙafafunsa a canza mai duk bayan awa 50 na hawa, ƙurar hunturu kuwa ba ta jira a cika awa 50.

Kuɗi a giya, rowa a taya

An fi zuba kuɗi a macanjin giya na baya, saboda shi ido ke gani kuma sunan da ke jikinsa ake karantawa. Gaskiya Deore, samfurin kamfanin Shimano mai sauƙin kuɗi, yana canza giya lafiya lau. Abin da XT da XTR, samfuransa masu tsada, suka fi shi, yawanci sauƙin nauyi ne da laushin taɓawa, kuma dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa kowannensu. Kuɗin da ya ragu a kai shi ga fok, wili, taya da birki.

Tarkon da ke nan shi ne mazaunin jerin haƙoran baya a jikin cibiyar wili. Iri uku ne: HG na Shimano da aka daɗe da shi, XD na kamfanin SRAM, da Micro Spline da Shimano ya fito da shi a 2018 don giya 12. Jerin Deore mai giya 12, haƙora 10 zuwa 51, Micro Spline yake so. Deore mai giya 11, haƙora 11 zuwa 51, yana hawa HG, haka ma NX Eagle na SRAM mai 11 zuwa 50. Ga wanda yake nesa da manyan shagunan kekuna, HG da giya 10 ko 11 sun fi kwanciyar hankali, don kacarsu da haƙoransu sun fi sauƙin samu, kuma sun fi haƙuri idan saiti ya ɗan goce. Maɓallin giya da macanjinsa su kasance 'yan gida ɗaya masu adadin giya ɗaya, don tsawon wayar da kowanne ke ja ya bambanta. Faifan kaca na gaba, haƙora 30 ko 32 sun ishi yawancin mutane. In firam ɗin Boost ne, nemi faifan da aka yi don Boost, layin kacarsa milimita 52 ne, in ba haka ba haƙora na iya gogar ƙafar firam.

Taya kuwa, a keken da ba shi da shokaziba a baya, ita ce shokazibar. Siririyar taya mai laushin gefe da aka cika da iska tam za ta sa ka ce ƙarfe bai da daɗi, alhali laifin ba na firam ba ne. Sa mafi kaurin da firam zai ɗauka ya bar sararin laka, yawanci inci 2.3 zuwa 2.6, a kan rim mai faɗin ciki milimita 25 zuwa 30, ta baya kuma ta fi ta gaba ƙwarin jiki. A ƙasar da tsidau da ƙayar aduwa suka cika hanya, tubles, wato taya marar tub, mai ruwan toshe huda ya cancanci wahalarsa. Kuskuren shi ne a zuba ruwan a manta. Zafi yana busar da shi da wuri, sai an riƙa dubawa duk bayan 'yan watanni ana ƙarawa. Ka kuma tuna yawancin rim na zamani siririn bawul na Presta suke ɗauka, famfon mai faci kuwa na bawul irin na mota da babur ne. Ɗan ƙaramin mahaɗi da ake murɗawa a kan bawul ya raba wannan gardama. Ajiye ɗaya a jakar sirdi, ka bar rim ɗinka ba hudawa.

Birki

Abu uku. Mazaunin birki a firam na ƙarfe sau da yawa nau'in IS ne, mai huda biyu a gefe da tazarar milimita 51, alhali birkin yanzu kusoshinsa miƙe suke shiga da tazarar 74, don haka sai da mahaɗi, kuma mahaɗin da girman faifai yake tafiya: 160, 180 ko 203. Kada ka wuce girman da firam da fok suka amince. Na biyu, faifan ko mai kusoshi shida ne ko Center Lock mai ɗaurewa da zobe guda, cibiyar wilinka ce za ta faɗa maka.

Na ukun shi ne mai. Shimano, Magura da Tektro man ma'adinai suke sha. Hope da Hayes da yawancin birkin SRAM na shekarun baya kuwa DOT suke sha, irin na mota. Abin da ke faruwa shi ne birki ya yi laushi, a kai wa bakaniken babur, ya ɗauko man birkin da ke gabansa ya ɗura a Shimano. Robobin ciki su kumbura, birkin ya mutu gaba ɗaya. Sunan man yana rubuce a murfin hannun birki, karanta shi ka nuna wa mai gyara. Wanda ya san samun man zai yi masa wuya, birkin faifai mai waya irin Avid BB7 ba abin rainawa ba ne, kowane mai gyaran keke zai iya da shi.

Abin da ƙarfe yake nema a wurinka

Ba kowane ƙarfe ne ƙarfe ba. Firam mai kyau da kromoli ake yin sa, wato ƙarfen da aka gauraya da kromiyam da molibdinam, za ka ga lambar 4130 ko tambarin Reynolds, Columbus ko Tange. Ƙarfen kekunan araha mai kauri ne da nauyi, bai cancanci a ɗora masa kaya masu tsada ba. A gwanjo, leƙa cikin bututun sirdi da tocila, ka duba ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuya ko fenti ya tattare, alamar keken ya taɓa cin karo ke nan.

Tsatsa daga ciki take cin firam. Kafin a ɗaura komai, fesa man hana tsatsa a cikin kowane bututu, ka jujjuya firam ɗin ya zagaye, ka bar shi ya tsane. Bayan an haɗa keke wannan aiki ya zama wahala, shi ya sa aka fi tsallake shi. Ƙananan hudojin da ke ƙarshen bututu na fitar ruwa ne, kada a toshe su.

Sandar sirdi ta alminiyam a cikin bututun ƙarfe, idan aka sa ta a bushe kuma damina ta ratsa, manne wa juna suke yi har sai an kai ga zarto ko wuta. Shafa giris, ka zare ta ka goge ka sake shafawa aƙalla kafin damina da bayanta. Kaurinta ma ba a yin sa da ka: 27.2, 30.9 da 31.6 ne aka fi gani, kuma mafi yawan sanduna masu sauka da tashi 30.9 da 31.6 ne, na 27.2 kaɗan ne kuma nitsonsu gajere. Sandar da ta gaza da ko rabin milimita, in aka matse ta da ƙarfi, bakin bututun ne zai tsage.

Boris ɗin tsakiya, inda sandar feda ke juyawa, a irin wannan firam kusan kullum mai tiredi ne, faɗin milimita 73, tsofaffi kuma 68. Ɓangaren kaca tiredinsa na hagu ne, kamar yadda fedar hagu take, kuma tiredin firam da yawa ya lalace a hannun wanda bai san haka ba ya sa ƙarfi. Fara murɗawa da yatsu, da giris. In ya cije tun a zagayen farko, fenti ne ko datti a tiredin, a tsabtace shi kafin a ɗauko sifana. Boris ɗin kuma ya dace da kaurin sandar feda: Hollowtech II na Shimano milimita 24 ne, DUB na SRAM 28.99. Kusoshin mariƙin kai yawanci awon ɗaurinsu 5 ne a Nm, ma'aunin ƙarfin ɗaure kusa, kuma yana rubuce a jiki. Haka kaurin kan keke, 31.8 ko 35, dole ya zo ɗaya da bakin mariƙinsa.

Idan ɗan kunnen da macanjin giya ke rataye a jikinsa mai cirewa ne, sayi na ajiya tare da firam ɗin tun ranar farko, domin kowane firam da irin nasa. Idan kuwa haɗe yake da firam, kamar yadda yake a da yawa daga cikin na ƙarfe, a duba miƙewarsa da ma'auni kafin a fara saita giya. Ƙarfe yana yarda a miƙe shi a hankali ba tare da ya karye ba.