Masu shirin kai iyali Daura kallon hawa

Jama'a, duk mai niyyar kwasar iyali daga Katsina zuwa Daura da Sallah, ya fara karɓar kuɗin mai tun kafin a kafa ranar tafiya. Kawun da ya ce "ku dai tada mota, ma yi lissafi a can", wallahi barci zai kama shi da zarar an shiga gidan mai.

In kana son tashi ƙarfe 9, ka ce musu 7. Ɗaurin ɗankwalin Anti kaɗai zai ci awa guda, sai an kai ƙofar gari kuma wani yaro zai tuna da fitsari.

Kujerar gaba ta Hajiya ce, kada ma a buɗe wannan muhawarar. Ka dai sa ido kan guzurinta: tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, amma za ka ga kula uku, dambun nama, ƙullin fura, har da bargo. Bar mata kula ɗaya, ka lallaɓa sauran su koma ɗaki.

Ku fara da rijiyar Kusugu kafin gari ya cika, kuma kowane babba ya riƙe hannun yaro ɗaya saboda dawakai.