Matakan Zaɓen Na'urar Sauti Guda Ɗaya a Madadin Tarin Fedodin Jita

Fedodin jita ƙananan na'urori ne da ake takawa da ƙafa don canza sautin jita, kuma akwai na'ura guda ɗaya da ke haɗa aikinsu. Da farko ka lissafa sautukan da kake amfani da su a wajen biki ko a coci, domin sau da yawa ba sa wuce uku ko huɗu. Daga nan ka ɗauki jitarka zuwa wurin mai sayarwa a Sabon Gari, ka taka maɓallan na'urar da takalminka, ka kasa kunne ko sautin yana yankewa lokacin da kake canzawa.

Sai batun wuta, wanda a Zariya ba a wasa da shi. Cikin irin waɗannan na'urori, Boss GT-1 da Zoom G1X Four suna aiki da batir AA guda 4, saboda haka ba sa mutuwa yayin da ake komawa janareta. Kada ka sayar da tsofaffin fedodinka sai sabuwar ta yi wata guda a hannunka.