Yadda Ake Haɗa Tawaga da Mutunta Juna a Gasar Hakaton

Hakaton taro ne da masu rubuta manhaja, masu zana fasalinta, da masu sanin wata matsala ta al'umma suke zama wuri guda na kwana ɗaya ko biyu, su ƙera abin da zai yi aiki kafin lokacin da aka ɗiba ya cika. Masu haɗa OpenBSD, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, sun yi taro mai wannan suna a birnin Kalgari na Kanada a 1999, kuma tun daga 2012 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, take shirya gasarta ta Space Apps a birane da yawa a lokaci guda. A wurarenmu, ƙungiyoyin ɗalibai, rassan GDG (ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da Google ke tallafa wa) da cibiyoyin fasaha ne suka fi shirya shi. Abin da ya fi rusa tawaga a irin wannan taro shi ne mutum biyu su riƙe aikin duka, sauran su koma 'yan kallo, don haka matakan da ke ƙasa sun fi mayar da hankali kan hana faruwar hakan.

Mataki na farko: ku karanta ƙa'idojin taron kafin ku nemi abokan aiki

Kowace gasa tana da iyakar adadin mutanen da tawaga za ta ƙunsa, misali Space Apps ba ta yarda a wuce shida ba. Ku duba ko an halatta amfani da aikin da aka fara kafin ranar, da kuma abin da alƙalai za su auna. Ku nemi takardar ladubban taron ku karanta ta har ƙarshe, musamman sashen da ya faɗi wanda za a kai wa ƙorafi. Wani sanannen misalin irin waɗannan takardu shi ne Contributor Covenant, takardar ladubba ta masu haɗa manhaja tare, wadda ta fito a 2014, kuma masu kula da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, suka karɓe ta a 2018. Idan masu shirya taron ba su da takarda irin wannan, ku tambaye su sunan wanda ke da alhakin sauraron koke, kuma ya dace a samu mace a cikinsu.

Mataki na biyu: ku zaɓi mutane gwargwadon abin da aikin yake bukata

Al'adar da aka saba ita ce abokai huɗu 'yan aji ɗaya, masu ƙwarewa iri ɗaya, su haɗu su ce sun zama tawaga. Irin wannan haɗin yana da daɗin hira, amma yakan ƙare da manhajar da babu wanda ya tambayi ko ana bukatarta. Tawagar mutum huɗu ko biyar ta fi sauƙin tafiyarwa, kuma tana bukatar mai gina ɓangaren da mai amfani yake gani, da mai kula da rumbun bayanai da sabar (kwamfutar da manhajar take aiki daga kanta), da mai zane, da mai iya bayani a gaban jama'a. Sama da waɗannan duka, tana bukatar wanda ya san matsalar da idonsa. Idan za ku yi manhajar tuna wa mata masu juna biyu ranar awo, ungozoma ko ma'aikaciyar jinya ta fi mai rubuta manhaja na uku amfani nesa ba kusa ba, domin ita ce za ta gaya muku cewa da yawa daga matan ba su da babbar waya, wasu kuma wayar maigida ake kira, don haka saƙon tes, ko saƙon murya da Hausa, ko lambar USSD (irin wadda ake dannawa da * da # a waya) ya fi manhajar Android isa gare su. Awa goma na aikinku na iya tsira saboda jumla ɗaya daga bakinta.

A lokacin da ake haɗa tawagogi, za ku ga wasu tsaye a gefe, galibi sababbin shiga ne, ko wanda ya zo daga wani gari bai san kowa ba, ko mace ɗaya tilo a cikin maza da yawa. Kada ku jira su nemi shiga, ku je ku gaishe su, ku tambayi abin da suka iya da abin da suke so su koya. Ra'ayina shi ne kowace tawaga ta bar gurbi ɗaya ga sabon shiga, ko da masu shirya taron ba su wajabta ba.

Mataki na uku: ku yi zaman minti talatin kafin kowa ya buɗe kwamfuta

Wannan zaman ne ke yanke yadda sauran lokacin zai kasance. Kowa ya faɗi sunan da yake so a kira shi da shi, da abin da ya iya, da lokacin da dole ya tashi. Akwai wadda gida ba za su bar ta ta kwana a waje ba, akwai mai zuwa coci ranar Lahadi da safe, akwai mai azumi, akwai kuma lokutan salla da za su ratsa aikin. Ku tsara manyan shawarwari a lokacin da kowa yake nan. Zalunci ne a jira 'yar tawaga ta tafi gida bayan magariba, sannan a sauya manufar aikin da tsakar dare, ta dawo da safe ta tarar an zubar da abin da ta yi.

A wannan zaman ne kuma za ku tsayar da harshen aiki. Idan akwai wanda ba ya jin Hausa, ko ɗan'uwa daga Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatu da Faransanci, ku amince cewa duk abin da aka yanke za a maimaita shi da harshen da kowa ya fahimta, a kuma rubuta shi a zauren WhatsApp na tawagar. Sai ku yi maganar da mutane suke jin nauyinta, wato yadda za a raba kyauta idan an ci, da wanda zai mallaki aikin bayan taro. Ku rubuta yarjejeniyar tun kuɗin bai zo ba.

Mataki na huɗu: ku raba aiki ta yadda kowa zai taɓa shi da hannunsa

Ku buɗe ma'ajiya ɗaya a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu tare, ku saka kowa a ciki, kowa kuma ya tura aikinsa da sunansa, domin wannan tarihin shi ne shaidar da zai nuna wa mai ɗaukar aiki gobe. Idan kwamfutoci ba su kai yawan mutane ba, ku zauna bibbiyu a kan guda, ɗaya yana rubutu ɗaya yana dubawa, ku riƙa musanya wuri bayan kowane rabin awa. Ƙwararre idan ya ga sabon shiga ya kakare, ya yi masa bayani da baki, kada ya janye kwamfutar zuwa gabansa. Ku kula kada sayen abinci, rubuta bayanan zama da shirya hotunan gabatarwa su faɗa kan mace ko ƙaramin cikinku kawai saboda an ɗauka su ne suka dace da hakan. A yi su bi da bi. Haka ma soket da data, idan wuta ta ɗauke, a fara ba wanda batirinsa ya kusa mutuwa.

Mataki na biyar: ku kiyaye harshe da iyakar juna

Gajiya da ƙarancin barci suna sa baki ya yi kaifi. Ku soki aikin, ku bar mai aikin: a ce “wannan layin yana kawo matsala idan babu intanet” ya isa, ba sai an ce “ashe ba ka iya ba”. Idan an katse wa wani magana, wanda ya lura ya ce, “Malama ba ta gama ba, bari mu ji ƙarshen maganarta.” Idan wani ya maimaita shawarar da wata ta kawo kamar tasa ce, a mayar da ita ga mai ita nan take. Barkwancin ƙabila, addini ko nakasa, ko da na taubasantaka ne da aka saba a gida, ba wurinsa ba ne, domin ba kowa a ɗakin ya san wasan ba. Kada a miƙa wa wanda ba ya musabaha da wani jinsi hannu a dage, kada a ɗauki hoton kowa a saka a Facebook sai da izininsa, kuma lambar wayar da aka bayar domin aiki ba ta neman soyayya ba ce. Ladabin ya shafi har mutanen da ba sa ɗakin: kada ku gwada manhajarku da sunaye da lambobin marasa lafiya ko ɗalibai na gaskiya, ku ƙirƙiri na gwaji, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba masu bayanan haƙƙi a kansu.

Idan aka ci zarafin wani, a fara tambayarsa abin da yake so a yi, sannan a raka shi wurin masu shirya taron idan ya amince. Kada a ce ya yi haƙuri har a gama gasa, kada kuma a yaɗa labarin a zaure.

Mataki na shida: ku gabatar da aikin da sunan kowa

Minti kaɗan ake ba kowace tawaga, don haka ku gwada gabatarwar aƙalla sau biyu da agogo a hannu, ku kuma naɗi bidiyon manhajar tana aiki saboda tsaron yankewar intanet. Mai magana ya ambaci kowa da abin da ya yi, kuma idan alƙali ya yi tambaya a kan wani ɓangare, a bar wanda ya gina shi ya amsa, ko da muryarsa tana rawa. Bayan an tashi, ku saka sunayen duka 'yan tawagar a shafin farko na ma'ajiyar, ku raba kyautar yadda kuka rubuta, sannan ku sa ranar da za ku sake zama cikin mako guda ku yanke ko za a ci gaba da aikin ko za a ajiye shi.