Yadda ake adana faifan wasan PlayStation a kwamfuta, da dalilin da ya sa kwafi ba ya tashi a na'ura

Duk wanda ya taɓa kwafar faifan wasan PlayStation ya san yadda abin ke ƙarewa. Manhaja ta ce an gama lafiya, fayiloli duk sun cika, amma da ka sa faifan a na'ura sai ta ƙi tashi, ko ta nuna jan allo tana neman faifan gaskiya. Sai mutum ya ɗauka laifin manhajar ce, ya sauke wata, ya sake lalata emti biyar. Ba laifin manhaja ba ne. Makullin ba a cikin fayilolin yake ba, a jikin faifan yake, a wurin da na'urar ƙona faifai ta gida ba ta iya rubutawa. Idan ka gane wannan, za ka daina ɓarnar faifai ka koma ga abin da zai yiwu kuma yake da amfani: ɗaukar cikakken imej, wato kwafin faifai gaba ɗayansa a matsayin fayil a kwamfuta, na faifan da ka mallaka, ka ajiye shi kafin ƙura da zafi da karce su cinye shi.

Inda makullin yake

PlayStation ta farko ta fito a Japan a watan Disamba na 1994. Mutane da yawa suna zaton baƙin launin bayan faifanta shi ne kariyar. Ba shi ba ne, hasken lezar CD yana ratsa wannan launin ba tare da wata matsala ba. Kariyar tana can kusa da ramin tsakiya, inda faifai ke farawa. A wurin, layin da bayanai ke bi ba ya tafiya sumul, an sa shi yana ɗan karkacewa hagu da dama da gangan, kuma cikin wannan karkacewar aka ɓoye haruffa huɗu: SCEI na Japan, SCEA na Amurka, SCEE na Turai. Na'urar tana gane haruffan ne daga motsin da idonta ke yi yayin bin layin. In ba ta same su ba, ko ta samu na wani yankin, ba za ta buɗe wasan ba. Ka ga kenan abu ɗaya ne ke hana kwafi kuma yake hana faifan Japan tashi a na'urar Turai.

DVD-ROM ɗin kwamfuta ba ya ɗaukar wannan karkacewa a matsayin bayani, gyara ta yake yi ya wuce. Shi kuma emtin CD-R daga masana'anta yake zuwa da nasa layin a shate, leza tana ƙona bayanai ne a kan hanyar da aka riga aka shata mata. Saboda haka ko Nero, ko CloneCD, ko Alcohol 120%, babu wadda za ta saka waɗannan haruffa. Faya-fayan kasuwa masu farin baya da ke tashi a gidajen gem suna tashi ne don an sa wa na'urar cif mai tsallake wannan binciken, ba don kwafin ya yi kyau ba.

Daga 1998 Sony ta ƙara wani mataki a wasu wasannin yankin Turai, wanda ake kira LibCrypt. Wannan ya shafi duk mai faifan gwanjo daga Turai. Kowace sekta ta CD, wato ɗan yankin da ake kasa bayanan faifai a cikinsa, tana ɗauke da bait 2,352, sannan a gefenta akwai wasu bait 96 na ƙaramar tashar bayanai da ke gaya wa na'ura lokaci da lambar waƙa. LibCrypt yana lalata wasu daga cikin waɗannan da gangan, wasan kuma yana duba su ya haɗa mabuɗi. Manhajar kwafi ta yau da kullum ba ta kwasar wannan tashar, sabuwa mai tsafta take rubutawa. Sakamakon yana da ban haushi: wasan zai tashi, ka yi nisa, sannan ya daskare a wani mataki. Mutum sai ya ɗora wa karce laifi alhali faifan lafiyarsa ƙalau.

Sauran kamfanoni kowa da dabararsa. Saturn ta Sega tana da zoben tsaro a bakin faifai ta waje. Dreamcast ta yi amfani da GD-ROM mai ɗaukar kusan gigabait 1, wanda kwamfuta ke ganin ɗan ƙaramin sashensa na ciki kawai. GameCube tana da ƙaramin faifai na santimita 8 mai gigabait 1.46 da aka jirkita tsarin rubutunsa, na Wii ma an jirkita nasa. Faifan Xbox in ka sa a kwamfuta ɗan gajeren bidiyo kawai za ka gani, wasan yana wani sashe da aka kulle. Faifan PS3 Blu-ray ne kuma bayanansa a rufe suke da mabuɗi. Ban da na Saturn, duk waɗannan DVD-ROM na kasuwa ba zai karanta maka su yadda ya kamata ba, kada ka ɓata lokaci. PS1 da PS2 ne kwamfutar gida ke karantawa kai tsaye, a kansu za mu tsaya.

Maganar doka a taƙaice: kwafa don sayarwa ko rabawa satar fasaha ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kuma yi magana a kan karya makullan kariya na fasaha. Abin da ake bayani a nan karanta faifanka ne na asali da ajiye shi don kanka.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai DVD-ROM, na ciki ko na USB. Na tebur mai aljihun da ke fitowa ya fi siririn na laftof juriya da faifai mai karce. Sai manhajar ImgBurn, kyauta ce, fitowarta ta ƙarshe 2.5.8.0 ce ta 2013 amma har yanzu tana aiki. Ka kula lokacin girka ta, wasu wuraren saukewa suna cusa manhajojin talla, ka karanta kowane shafi kafin ka danna. Sai ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, da wurin ajiya: megabait 800 ga kowane faifan PS1, gigabait 4.7 zuwa 8.5 ga na PS2. In a filashi za ka ajiye, ka tabbata tsarin fomat ɗinta ba FAT32 ba ne, domin ba ta karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Ka mayar da ita exFAT ko NTFS.

Tsaftace faifai da gane irinsa

Ka fara hure ƙura ko ka ɗauraye da ruwa mai tsafta kafin ka sa ƙyalle, musamman lokacin hunturu. Goge busasshiyar ƙura daidai yake da goga yashi a kan faifan. Ka riƙa gogewa daga tsakiya zuwa baki a miƙe, ba zagaye ba. Karcen da ya ratsa layi na'ura tana iya cike gurbinsa, amma wanda ya bi layin a zagaye yana share dogon bayani a jere. Ga maiƙon yatsa, ɗigon sabulun wanke-wanke a ruwa ya isa. Kada fetur ko kananzir ko tina su kusanci faifai.

Ka ɗaga CD ɗin a gaban haske. In ka ga ƙananan huji da haske ke ratsawa, rufin azurfar ya ɓare kuma bayanin wurin ya tafi, babu gogewar da za ta dawo da shi. A CD bayanai suna dab da fuskar da aka yi rubutu, don haka karcen sama ya fi na ƙasa haɗari. A DVD suna tsakiyar roba biyu, kowace kauri milimita 0.6, shi ya sa ya fi jure wahala.

Sannan ka duba lambar da ke jikin faifan. SCES ko SLES na Turai ne, SCUS ko SLUS na Amurka, SCPS ko SLPS ko SLPM na Japan. In na PS1 ne kuma lambar ta Turai ce, ka sa a ranka mai yiwuwa yana da LibCrypt. A PS2, mai shuɗin baya CD ne, mai ruwan azurfa DVD.

Ɗaukar imej na faifan PS1

Babban kuskure a nan shi ne ajiye faifan PS1 a matsayin ISO, ko jan fayilolin zuwa folda. ISO bait 2,048 kawai yake ɗauka daga kowace sekta. Bidiyo da muryoyin wasannin PS1 da yawa an rubuta su ne a wani tsari mai cin bait 2,324, wasu wasannin kuma kiɗansu waƙoƙin CD ne daban a bayan sashen bayanai. In ka yi ISO, za ka samu wasa marar sauti ko mai tsayawa a bidiyon farko. Abin da ake so BIN da CUE: BIN ya kwashe sekta ɗungurungum, CUE kuma ɗan rubutu ne da ke nuna inda kowace waƙa ta fara.

1. Sa faifan, buɗe ImgBurn, zaɓi "Create image file from disc".
2. Zaɓi inda za a ajiye, ka tabbata sunan ya ƙare da .bin. Ka sa lambar faifan a cikin sunan, za ta yi maka amfani nan gaba.
3. Rage gudun karatu zuwa 8x, ko 4x in akwai karce. Bambancin 'yan mintuna ne kawai.
4. A saitin karatu, kada ka kunna "Ignore Read Errors". Idan ka kunna, manhajar za ta cike wurin da ta kasa karantawa da sifiri ta ce maka an gama, kai kuma ba za ka sani ba sai wasan ya tsaya.
5. Danna karatu, ka bar kwamfutar. In laftof ce ka tabbata da caji, ɗaukewar wuta a tsakiya na nufin farawa daga farko.

ImgBurn ba ta kwasar ƙaramar tashar nan da LibCrypt ke ɓuya a ciki. Ga irin waɗannan faya-fayan sai CloneCD, ka kunna karanta ƙaramar tashar a saitinta. Za ta ba ka fayil uku, CCD da IMG da SUB, kuma dole su zauna tare a folda ɗaya da suna ɗaya. SUB ɗin shi ne maganin daskarewar. Ba kowane DVD-ROM ne ke karanta wannan tashar daidai ba, in wasan ya ci gaba da tsayawa a wuri ɗaya ka gwada wani. Masu adana wasanni da gaske sun koma amfani da redumper ko DiscImageCreator, waɗanda ke kwashe komai har da rahoton kurakurai, sai dai suna son mai haƙuri da rubuta umarni.

Faifan PS2

Wannan ya fi sauƙi. Mai shuɗin baya ka bi shi kamar na PS1, BIN da CUE. DVD kuwa ISO ne daidai da shi, domin sektocinsa duk 2,048 ne. Wasu manyan wasanni, irin Gran Turismo 4 da God of War, suna kan DVD mai hawa biyu. In karatu ya tsaya wajen rabi a irinsu, galibi idon DVD-ROM ɗin ne ya gaji ya kasa sauka hawa na biyu. Canza na'urar karatun ya fi sake goge faifan.

Tabbatar da cewa imej ɗin ya cika

Saƙon "an gama" ba hujja ba ce. Ka fara da lissafi mai sauƙi: girman BIN a bait dole ya rabu da 2,352 ba saura, na ISO kuma da 2,048. Sannan ka ɗauki faifan sau biyu, in da hali a na'urori biyu, ka kwatanta sa hannun fayilolin. A Windows ka buɗe wurin rubuta umarni ka sa:

certutil -hashfile wasa.iso SHA1

In dogayen lambobin biyu sun zo ɗaya, karatun ya tabbata. In sun bambanta, akwai sektar da ake karantawa da kuskure, ka sake tsaftacewa ka rage gudu. Rumbun Redump da ke intanet yana ajiye irin waɗannan lambobi na faya-fayan asali, kana iya neman lambar faifanka ka gwada. DVD na PS2 da wasan PS1 mai sashe ɗaya galibi suna dacewa. Mai waƙoƙi da yawa ba zai dace ba ko da lafiyarsa ƙalau, saboda su suna raba kowace waƙa fayil daban, kuma kowace na'urar karatu tana ɗan gocewa kaɗan a farkon sauti.

Matsalar da ta fi yawa bayan haka ita ce sauya suna. In ka canza sunan BIN, ka buɗe CUE da Notepad ka gyara sunan da ke layin farko, in ba haka ba zai riƙa neman fayil ɗin da babu shi.

Amfani da shi da ajiyarsa

Imej ɗin yana aiki a manhajar kwaikwayon na'ura: DuckStation ga PS1, PCSX2 ga PS2. Su ba sa neman karkacewar layi, shi ya sa abin da ya ƙi tashi a emti yake tashi a nan. Dukansu suna buƙatar BIOS, wato manhajar cikin na'ura da ke tayar da ita, wanda ya kamata ka ciro daga na'urarka. Ka riƙa buɗe CUE ko CCD, ba BIN ba, don kiɗan ya fito.

In wuri ya yi maka kaɗan, chdman da ke zuwa tare da manhajar kwaikwayo ta MAME yana matse imej ba tare da ya zubar da komai na wasan ba:

chdman createcd -i wasa.cue -o wasa.chd

Ga wasa mai LibCrypt, kada ka goge CCD da IMG da SUB na asali bayan matsewa, sai ka buga wasan ka wuce inda yake tsayawa. Ka ajiye komai a wuri biyu, rumbun kwamfuta (hard disk) ɗaya da wani daban, domin filashin da aka jefa a durowa shekaru ba a taɓa ba yana iya rasa abin da ke ciki. Faifan asalin kuma ka mayar da shi gidansa na roba, a tsaye kamar littafi, nesa da taga da rufin kwano, ba cikin jakar leda mai aljihuna da ke goga shi duk lokacin da aka zaro ba.